Daƙiƙa Tara a Tsohon Siton Auduga

Kyamarar ta Kawu Tanimu ce.
Ta ci biki ya fi ɗari a Garwa,
ta saba da lalle da janareto da fitila mai kashe ido.
Ranar rabon gado ni na tashi da ita,
da kaset bakwai, da batir mai saurin gajiya.

Ban gaya wa Inna inda nake zuwa ba.
Ita in ta ji kukan mujiya a kan katanga
sai ta yi a'uziyya,
ta ƙirga mu da ido, ɗaya bayan ɗaya.

Tsohon siton auduga ne, a bakin Binuwai.
Kwano ya huje, ɓera ya ci sarauta.
Can sama, inda ƙarfe ya haɗu da ƙarfe,
nan su biyu suke.

Daren farko na kunna tocila.
Abin da na kawo gida:
ƙura, da yanar gizo, da fiffike rabi,
da muryata tana cewa kai, kai, kai.

Baba Hamajoda mai gadi ya yi dariya har ya ƙware da goro.
Ya ce, yaro, ka je gidan mutum ka haske masa fuska
sannan kana jiran ya ba ka tabarma?

Na bar tocila a gida.
Sai kyamarar ta ruɗe,
idonta na shiga yana fita kamar mai laluben allura a rairayi.
Na ƙwace ragamar daga hannunta.
Tun kafin magariba, da sauran haske,
nake saita ido a kan ƙarfen da kashinsu ya yi wa farin fenti,
in bar shi nan, kada in sake taɓawa.

Na gane in ka jawo nesa kusa
rawar hannunka ma ta matso.
Na gane zuciya tana girgiza hoto.
Na ɗora kyamara a kan buhun ƙaiƙayi,
na danne da gwiwar hannu,
na liƙe jar fitilar nan da ɗan ƙyalle,
don ko ita sun gani.

Sauro ya sha rabonsa, ban kore shi ba.
Dorina ta yi gurnani daga ƙasan gada.
Kaset yana juyawa, yana cin duhu,
duhun kuma cike da tsaki-tsaki
kamar an watsa gero a kan baƙin zane.

Dare goma sha shida haka.
Na shafe bikin wata Asta, Allah ya yafe mini,
na zuba baƙi a kan rawarta.

Ran nan wata ya kwana goma sha uku,
ya zuro ƙafa ta hujin kwano.
Ban ji saukarta ba.
Ba a jin su, wannan ma sai da na koya.
Kawai ƙarfen da babu kowa ya zama da kowa:
farar fuska kamar an tsaga ƙwarya biyu,
ɓera na reto a baki.
Ta juya kai, ta dubi gilashin,
ta dube ni ta cikinsa,
ba tsoro, ba gaisuwa.
Na manta yadda ake numfashi.

Daƙiƙa tara.
Sai batir ya yi halinsa.

Da safe na buɗe ɗan allon a gaban Inna,
tana tsince shinkafa.
Ta kalla da gefen ido, ta yi a'uziyya,
ta ce mayar baya.
Na mayar.
Ta ajiye faifai, ta matso har goshinta ya taɓa nawa.
Ta ce, wannan a bakinta mene ne?
Na ce ɓera ne, za ta kai wa 'ya'ya.
Ta yi shiru.
Ta ce, su nawa ne?
Na ce ban gan su ba tukuna, sai dai kukansu.
Ta ɗauki faifanta,
ta ce to ka sa riga mai dogon hannu yau.